Amsar Tambaya: Ninka Saiwoyin da Darajarsu Ta Bambanta

 Wasiƙar da ke hannuna ta fito ne daga wata ɗaliba 'yar aji biyar a sakandare a Funtuwa, mai shirin jarabawar WAEC. Ta ce: "Baba, an ba mu saiwa ta biyu ta 2 mu ninka da saiwa ta uku ta 3, wato √2 sau ∛3. Na ce 2 sau 3 shida ne, na rubuta √6, malam ya ja mini jan biro. Ina na kauce?"

To 'yata, ɗauko biro da takarda, ki matso kusa da rediyo. Da a ce √2 ne da √3, amsarki daidai take, domin darajarsu ɗaya. Amma nan ɗaya ta biyu ce, ɗaya ta uku. Tamkar mai awo da tiya ne da mai awo da mudu, ba a haɗa lissafinsu sai an koma ma'auni guda.

Saiwa ta biyu tana nufin an ɗaga lamba zuwa ƙarfin rabi, saiwa ta uku kuwa ƙarfin sulusi. Rabi da sulusi! Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin rabon gado ya san abin da ake yi idan waɗannan biyun suka haɗu: a nemo asalin mas'ala, ƙaramar lambar da 2 da 3 ke shiga ba ragowa, ita ce 6. Rabi ya zama 3 bisa 6, sulusi ya zama 2 bisa 6. Wannan dabara takan burge ni ƙwarai, don a zaurukanmu an daɗe ana aiki da ita.

Yanzu, tunda ƙarfin 2 ya zama 3 bisa 6, ki ninka 2 sau uku, 2 sau 2 sau 2, kin sami 8. Ashe √2 ita ce saiwa ta shida ta 8. Ƙarfin 3 kuwa 2 bisa 6 ne, sai ki ninka 3 sau biyu, 3 sau 3, kin sami 9, ∛3 ta zama saiwa ta shida ta 9. Tunda daraja ta zo ɗaya, sai ki haɗa su ƙarƙashin rumfa guda: 8 sau 9, 72. Amsarki ita ce saiwa ta shida ta 72.

Kada ki tsaya a kan magana ta kawai, ki gwada. √2 kusan 1.414 ce, ∛3 kusan 1.442, idan kika ninka za ki ga kusan 2.04. Ki ninka 2 har sau shida, 64 za ki samu, kuma 72 ta ɗara 64 kaɗan, don haka dole amsa ta ɗara 2 kaɗan. Ita kuwa √6 ɗinki kusan 2.449 ce, ta zarce.

Af, alamar nan √ da kike ja a littafinki, a shekarar 1525 ta fara fitowa a bugaggen littafi, na Bajamushe Christoph Rudolff.

Ga aikin gida: √2 sau ∛2. Ki aiko mana da amsa kafin shirin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Bari mu buɗe wasiƙa ta gaba.