Abin da Guga Ba Ya Ɗebowa

A cikin birnin Daura akwai wata tsohuwar rijiya, sunanta Kusugu. An ce a zamanin Sarauniya Daurama akwai wani maciji a cikinta, wai shi Sarki, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Jumma'a. Ana nan sai wani baƙo mai suna Bayajida ya sauka garin da dare, ya tafi rijiyar, ya kashe macijin. Har yanzu rijiyar tana nan, an kewaye ta da gini, baƙi suna zuwa kallo.

Wanda ya zura guga a Kusugu ya jawo ruwa, zai iya lura da abu uku. Na fari, ruwan yana da jiki, don ana taɓa shi, ana jin nauyinsa a hannu. Na biyu, yana da wuri: ɗazu yana ƙasan rijiya, yanzu yana cikin guga. Na uku, yana cikin lokaci, don sai da aka ɗan jima ana jan igiya kafin ya iso baki. Haka dutse ya ke, haka doki, haka mutum. To, akwai abin da zai kasance ba jiki, ba wuri, ba lokaci?

Wani yaro zai ce iska, tun da ba a ganinta. Amma in aka danna tulu wofi cikin ruwa, sai a ji yana ɓulɓul, kumfa na tashi. Iskar da ke ciki ce ta ke fita don ta ba ruwa wuri. Ashe iska ma tana da jiki, tana cin wuri.

Wani kuma zai ce haske, tun da ba a kama shi da hannu. Amma tsakanin rana da duniya akwai wajen kilomita miliyan 150, hasken kuwa sai ya yi minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya iso ganuwar Daura. Abin da ya yi tafiya kuwa, ai ya ratsa wuri, ya ci lokaci.

Sai a gwada ƙidaya. Daga labarin Bayajida aka samo zancen Hausa Bakwai: Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da wurinsa, ana iya zuwa a gani. Amma ina ita bakwai ɗin ta ke? Ba ta Daura, ba ta Kano. Kwanakin mako bakwai ne, yaro ma yana iya tara tsakuwa bakwai. In ya watsar da tsakuwar, bakwai ba ta watse ba. In an rubuta 7 a allo an goge, alli ne ya gogu. Uku da huɗu bakwai ne a zamanin Daurama, bakwai ne yau, gobe ma ba za su zama takwas ba. Ba a auna bakwai a sikeli, ba ta tsufa, guga kuma ba ya ɗebo ta.

Masu hikima sun daɗe suna gardama a kan wannan. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, a ƙasar Girka, wani malami mai suna Aflatun ya ce irin waɗannan abubuwa suna nan da kansu, ko da ba mai ƙirgawa. Almajirinsa Aristotal bai yarda ba. Ya ce ba a samun ƙidaya ita kaɗai, sai tare da abin da aka ƙirga. Har yau masanan lissafi ba su gama wannan gardama ba.

Masanan taurari kuwa sun lissafta cewa sararin samaniya ya fara buɗewa kusan shekara biliyan 14 da suka wuce. Amma na'urorinsu, kome kyansu, abin da ke cikin wuri da lokaci kaɗai su ke aunawa. Tambayar nan ta fi ƙarfin ma'auni, sai hankali.

Malaman tauhidi suna koyar da cewa Allah Maɗaukakin Sarki shi ya halicci wuri da lokaci da jikuna duka. Yana nan tun ba su, ba ya bukatarsu, bai kuwa yi kama da kome daga cikin halittarsa ba.

Saboda haka yaro mai hankali ba ya cewa, "Abin da ban gani ba, babu shi." Ba ya kuma gaskata duk abin da aka gaya masa ba tunani. Waɗansu abubuwa da ido a ke saninsu, waɗansu da ma'auni, waɗansu kuwa sai an zauna an yi tunani mai zurfi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ruwan Kusugu ya ke da su?
2. Yaya za a gane iska tana cin wuri?
3. Mene ne bambancin ra'ayin Aflatun da na Aristotal?
4. Alkawari yana da nauyi a sikeli? In ba mutane, za a same shi?