Wutar Ko-ta-kwana: Abin da Ke Hana Babban Layin Lantarki Durƙushewa

Duk mai wayar hannu a Magarya, Wurno ko Rabah ya san fargabar da ke zuwa idan caji ya koma kashi 5 cikin 100 kuma babu wuta. Wani lokaci matsalar ba daga tiransifomar unguwa take ba, daga babban layin ƙasa ne. Wannan darasi zai yi bayanin abin da ke riƙe da layin, da dalilin da ya sa yake faɗuwa.

Mece ce wutar ko-ta-kwana?

Babban layi ba kamar batirin waya yake ba, ba ya ajiye wuta. Abin da aka samar a wannan daƙiƙa, a cikinta ake shanye shi. Wutar Najeriya tana tafiya ne a kan bugu 50 a kowace daƙiƙa. Idan buƙata ta fi abin da injina ke bayarwa, sai bugun ya ragu. Idan ya ragu sosai, injinan za su riƙa kashe kansu ɗaya bayan ɗaya don kada su lalace. Wannan shi ne durƙushewar layi.

Maganinsa shi ne a bar wasu injina suna aiki ƙasa da ƙarfinsu, ta yadda idan wata tasha ta tsaya, nan take za su cike gurbi. Wannan rarar ita ce wutar ko-ta-kwana. A Najeriya ƙarfin tashoshi a takarda ya kai wajen megawat 13,000, amma abin da ke isa layi yawanci 4,000 zuwa 5,000 ne. Tunda wutar ba ta wadaci jama'a ba, da wuya a samu rarar ajiyewa.

Ina ruwan yanayi a ciki?

A Turai da wasu sassan Amurka, lokacin sanyi ne layi ke shan wahala, saboda ɗumama gidaje. A Fabrairun 2021 sanyi ya daskarar da rijiyoyi da bututun gas a jihar Texas, gidaje sama da miliyan 4 suka rasa wuta.

A Sakkwato kuwa, jarrabawar tana zuwa ne bayan hunturu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kowa ya kunna fanka da firji. A ƙarshen ranin ne kuma ruwa ke ja baya a madatsun Kainji, Jebba da Shiroro. Buƙata ta ƙaru, samarwa ta ragu. Madatsar Goronyo da ke kusa ba ta shiga wannan lissafi, domin noman rani da ruwan sha aka gina ta.

Akwai kuma nisa. Wutar Sakkwato tana biyowa ne ta Birnin Kebbi. A Oktoban 2024, lalacewar manyan layukan da ke kai wuta Arewa ta jefa jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda.

Me mai waya zai yi?

Ya tanadi tasa ko-ta-kwanar, kuma ya san lissafinta:

1. Pawa bank mai 10,000mAh ba ya cika waya mai 5,000mAh sau 2. Wani kaso na tafiya wajen sauya ƙarfin wuta da zafi, don haka sau 1 da ɗan ƙari ake samu.
2. Ƙurar hunturu tana rage abin da farantin sola ke kamawa. A riƙa goge shi da sassafe da ƙyalle mai laushi.
3. Idan aka ɗauke wuta a zare caja daga soket. Idan aka dawo da ita a ɗan jira mintuna, domin wani lokaci da ƙarfi take dawowa.
4. Kada a bar waya ko pawa bank a rana, zafi yana kashe batir.

Lokacin sayen pawa bank da gyara sola shi ne lokacin sanyi, kafin bazara ta shigo masu cajin kuɗi su cika da layi.