Rigar Nono: A Auna Kafin a Saya

Sau da yawa mace takan ga nama ya tattaru a bayanta, sama da ƙasan rigar nono, sai ta ɗauka ƙiba ce ta ƙaru. Muna sanar da iyayenmu mata cewa riga ba ta kawo kitse, ba ta kuma narkar da shi. Ɗamarar rigar ce take nutsewa cikin jiki idan ta matse ko ta cika siranta.

Ɗamara ce ke ɗauke da yawancin nauyin nono. Igiyoyin kafaɗa taimako kawai suke yi. Saboda haka:

1. Kafin zuwa kasuwar Gure, a auna ƙirji da zare, a ƙarƙashin nono da kuma bisa tudunsa. A ƙulla alama, a tafi da zaren.

2. Yatsu 2 su iya shiga ƙarƙashin ɗamara. Idan tana hawa sama ta baya, ta yi yawa.

3. Mai jiki ta zaɓi ɗamara mai faɗi.

4. A lokacin zafi, ta auduga ta fi, domin gumi yakan kawo ƙuraje a ƙarƙashin nono.

Jiki yana sakewa da juna biyu da shayarwa, don haka a sake awo. Riga mai matsi tana iya toshe hanyar ruwan nono, har ya kumbura da zazzaɓi. Wadda ta ji ƙullutu ko ciwo, ta hanzarta zuwa asibiti. Lafiya uwar jiki.