Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Cewa "An Daɗe" da Turanci?

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ina shirin zana jarrabawar WAEC. Na rubuta "I am waiting here since two hours" a wani aikin gida, malaminmu ya ja jan biro a kai, bai kuwa yi mini bayani ba. Sannan a finafinai nakan ji ana cewa "for ages" ko "forever", alhali abin da ake magana a kai bai fi rabin awa ba. Don Allah a warware mini. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malaminki ya yi gaskiya, 'yata, kuma kuskure biyu ne a cikin jimlar, ba ɗaya ba.

Na farko shi ne "since". Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne kin riga kin san ƙa'idar, domin da ita kike magana kullum a gida. Kikan ce "tun safe nake jira", kikan kuma ce "na yi awa biyu ina jira". Ba kya cewa "tun awa biyu nake jira" ki tsaya nan, sai kin ƙara "da suka wuce". To haka Turanci yake. "Since" na tafiya ne da mafarin abu, wato lokacin da aka soma: "since morning", "since Monday", "since 1991". Ita kuwa "for" adadin lokaci take ɗauka: "for two hours", "for six months", "for thirty years". Idan kin rikice, tambayi kanki: shin kalmar da ke biye tana amsa "tun yaushe?" ko tana amsa "tsawon wane lokaci?" Abuja ta zama mazaunin gwamnatin tarayya a 1991, saboda haka za ki ce "Abuja has been the capital since 1991", ko ki ce "for more than thirty years". Magana ɗaya ce, an bi ta hanya biyu.

Kuskure na biyu ya fi kama Bahaushe, kuma har masu digiri na yin sa. A Hausa "ina jira" ta isa, ko yanzu aka soma jiran ko tun jiya. Bature bai yarda da wannan ba. Muddin abu ya faro a baya kuma bai ƙare ba, sai ya sa "have" ko "has" a gaban aikatau. Jimlarki kenan ta zama "I have been waiting here for two hours". Kada ki ɗauki wannan a matsayin ado, domin ma'ana na sauyawa. Wanda ya ce "My uncle has lived in Kano for ten years", kawunsa yana Kano har gobe. Wanda ya ce "My uncle lived in Kano for ten years", to kawun ya tashi daga garin, ko ma Allah ya yi masa rasuwa. Kalma ɗaya aka cire, labari ya canza.

Bari in ɗan ratse. A Turancinmu na Nijeriya za ki ji mutum ya ce "I have been here since!" ya ja ƙarshen kalmar, ya yi shiru, kowa kuma ya gane cewa tun tuni yake nufi. A tasha ko a layin banki wannan ba laifi ba ne, ni ma ina jin daɗinta. Amma mai duba takardar jarrabawa zai jira ya ga tun yaushe, idan bai gani ba ya rage maki.

Yanzu ga batun "for ages" da danginta. Kalmar "age" tana nufin zamani mai tsawo, amma mai cewa "I've been waiting for ages" ba lissafi yake yi ba, ƙorafi yake yi. Haka "The bus took forever", ba wai motar ta ƙi zuwa har abada ba ne, ta dai ɓata masa rai da jinkiri. Mu Hausawa ta ɗaya gefen muke bi. Sai ki shekara ba ki ga ƙawarki ba, ranar da kuka haɗu ki ce mata "kwana biyu!" Mu muna ragewa, su suna zuzutawa, kuma babu mai kama wani da ƙarya. Idan Baturiya ce a matsayinki, cewa za ta yi "I haven't seen you for ages", ko "in ages", ko "It's been ages". Lura cewa "in ages" ba ta cika zama ba sai a jimlar korewa, ba a cewa "I waited in ages". Akwai kuma "long time no see", wadda ta karya duk wata ƙa'idar nahawu amma ta samu karɓuwa. An fara ganin ta a rubuce a Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19, kuma gaisuwa ce ta tsakanin abokai kawai. Mutanen Ingila suna da "for donkey's years", wadda ake jin ta samo asali daga wasa da kalmomin "years" da "ears", saboda tsawon kunnen jaki. Ki san ta don ki gane idan kin ci karo da ita, amma ban ba ki shawarar ki riƙa yafa ta a ko'ina ba.

Duk waɗannan na hira ne. A wasiƙar da za ki rubuta wa ƙawa, ko da a jarrabawa ce, "for ages" ta dace. A wasiƙar neman aiki, ko ta koke zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ki tsaya kan "for a long time" ko "for many years", mafi kyau ma ki faɗi adadin shekarun idan kin sani. Idan kuwa kina son faɗin abin da muke kira tun kaka da kakanni, akwai "from time immemorial". Wannan magana tana da tarihi a shari'ar Ingila, inda wata doka ta 1275 ta sa shekarar 1189, wadda Sarki Richard na Ɗaya ya hau gadon sarauta, ta zama iyakar da ake komawa gare ta. Yau dai ana amfani da ita ga duk abin da ba a tuna farkonsa.

Akwai wani tarko da ke tsakanin "long" da "a long time". A tambaya da korewa, "long" ita kaɗai ta wadatar: "Have you been waiting long?" ko "I won't be long", wato ba zan daɗe ba. A jimlar tabbatarwa kuwa sai an cika ta: "I waited a long time". Inda ake faɗawa rami shi ne a korewa, domin nan ma'anarsu kan rabu. "She didn't speak for long" na nufin ta yi magana amma ba ta tsawaita ba. "She didn't speak for a long time" na nufin ta daɗe ba ta ce uffan ba. Ki karanta su sau biyu, kin ga kusan kishiyoyin juna ne.

Sauran ƙanana ne. Ba a cika sa "for" a gaban "all" ba, don haka "I worked all day" ko "all day long" ake cewa, ba "for all day" ba. "For hours on end" na nufin awoyi a jere ba hutawa. "Ago" kuwa da shuɗaɗɗen lokaci take tafiya, "He left two years ago", ba a haɗa ta da "has left". Sai "for good", wadda ɗalibai da yawa ke zaton tana nufin "domin alheri". Ba ta da alaƙa da alheri ko kaɗan. Idan aka ce miki "He has left Kaduna for good", to mutumin ya kwashe nasa ya nasa, ba shi da niyyar dawowa.