Inabi da Yanayin Ƙasa: Daga Faransa Zuwa Tiga

A ajin Labarin Ƙasa mun koyi cewa manyan gonakin inabi na duniya suna tsakanin digiri 30 da 50, arewa da kudu da layin da ya raba duniya biyu. Mu a Tiga digiri 11 da 'yan kai muke. Ke nan inabi ba namu ba ne? A dakata tukuna.

Inabi yana bukatar abu biyu: lokacin hutu da zai zubar da ganye, da kuma rana ba ruwan sama sa'ad da 'ya'yansa ke nuna. A Faransa hunturu ne ke ba shi hutun, amma yankunan sun bambanta. A Champagne, can arewa, sanyi kan bar 'ya'yan da ɗan tsami, ƙasar kuma ta alli ce. Bordeaux tana kusa da tekun Atlantika, wanda ke rage zafin sanyi, tsakuwar wurin kuwa ba ta riƙe ruwa. A kudu, bakin Bahar Rum, rana ta yi yawa, sai zaƙi ya ƙaru. Shi ya sa suke kiran ruwan inabinsu da sunan yankin da ya fito.

Matsalarmu a nan damina ce. Daga Mayu zuwa Satumba laima kan kawo fumfuna a ganye, 'ya'yan su ruɓe. Wajen Tudun Wada da duwatsun Riruwai a Doguwa, inda ruwan sama ya fi na Bebeji yawa, abin zai fi muni. Sai manoman Kudan, kusa da Zariya, suka juya lissafin. Suna datse rassan a ƙarshen damina, wato almakashi ya yi aikin hunturun Turai, su yi ban-ruwa, su girbe a cikin sanyin Disamba zuwa Fabrairu. Nasu na ci ne, a kasuwa ake sayar da shi.

Mu ma dabarar ba baƙuwa ba ce. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwanta ke bin magudana zuwa Kadawa da Kura, inda ake noman alkama da rani. Alkama ma shukar ƙasashen sanyi ce, hunturunmu take ara, shi kuwa gajere ne. Wanda ya makara bai shuka a Nuwamba ba, zafin Maris zai tarar da ita tana cika ido, ya bar shi da ƙaiƙayi.