Darasi: Hurumin kiwo a fadamun Komadugu

Godiya ta tabbata ga Allah mai saukar da ruwa daga sama, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karo a kan fadamun kogin Komadugu ne, da hakkin da suke da shi a kanmu.

Ku sani ruwan da ke ratsa ƙasar Maine-Sorowa da Difa ya faɗa tafkin Cadi kusa da Boso, daga kogunan Haɗeja da Jama'are na Nijeriya yake fitowa. Saboda nisan tafiya, ba ya cika sai damina ta ɗauke, wajen Oktoba zuwa Disamba. Sannan ya malala cikin fadamu, kifi ya hayayyafa. Idan ya janye sai ɗanyar ciyawa ta fito, dabbobi su samu abinci da rani. Nan dinya da kirinjijiya da zalɓe ke kiwo, tare da tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai kowace shekara.

To, wannan ni'ima ta ragu. An gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 a ƙasar Kano, malalar ta sauya. Tafkin Cadi, mai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ƙanƙance ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984. Gonakin tattasai sun matso har bakin ruwa, sun toshe burtali da mashaya. Rikicin da ya iso jihar Difa a 2015 kuma ya kori makiyaya daga tsibiran tafki, dabbobi suka cunkushe a wuri kaɗan. Ciyawar da aka cinye kafin ta zubar da iri ba ta dawowa, ƙasar da ta tsiraita kuwa iska ke kwashe ta, rairayi ya binne ta.

Shari'a ba ta bar wannan babi ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ruwa da ciyawa da wuta na tarayya ne tsakanin Musulmi. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin kiwon dawaki, abin da malamai ke kira hima, wato hurumi. Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza. Ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa ya umarci mai tsaron huruminsa ya shigar da masu 'yan dabbobi kaɗan, ya tsare garkunan mawadata, domin talaka in dabbarsa ta mutu ba shi da madogara. Aya ta 38 ta Suratul An'am kuma ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Ashe suna da rabo cikin fadama.

Me ya wajaba a kanmu?

Na farko, masu gari da limamai da arɗaɗɗa su zauna su keɓe wani yanki na fadama ya huta daga kiwo har ciyawa ta zubar da iri, baɗi a koma wani yankin.

Na biyu, manomi ya bar burtali da mashaya a buɗe, makiyayi kuma ya tsare dabbarsa daga gona. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tabbatar da wannan, kuma kwamitocin filaye na nan domin shata iyaka.

Na uku, kada a wanke tankin feshi a tabki, kada a zuba guba don kama kifi.

Na huɗu, a hana yara kwashe ƙwan tsuntsaye, a bar sare goriba da itatuwan gaɓa, su ne ke riƙe ƙasa idan ambaliya ta zo irin ta 2019 da ta 2022.

Na biyar, a yi gayya a yashe hanyoyin ruwan da suka cike, ruwa ya koma fadamun da ya daina shiga.

Wanda ya gyara mashaya, duk ran da ya sha a wurin yana da lada. Wanda ya toshe ta kuwa, ya shirya amsa ranar hisabi. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Wassalamu alaikum.