Gansakuka A Gona: Ire-irenta, Sunayenta Da Wuraren Da Take Fitowa

GABATARWA

Duk manomin da ya taɓa yin lambu ya san gansakuka. Yana ganinta a bakin rijiya, a gindin randa, a jikin katanga da damina, da kuma saman ƙasar da ya yafa irin tumatir ko albasa. Sai dai abin da da yawa ba su sani ba shi ne, wannan suna guda ɗaya ya haɗa abubuwa da dama waɗanda ba danginsu ɗaya ba. Saboda rashin bambance su, wani yakan kashe kuɗinsa wajen sayen maganin feshi a kan abin da ba ya cutar da shukarsa, wani kuma yakan ƙyale alamar da ke nuna masa cewa dashensa na gab da mutuwa.

Manufar wannan takarda ita ce ta taimaki manomi ya gane irin da ke gabansa, da abin da fitowarta ke nunawa game da ƙasarsa da ban ruwansa.

1. MECE CE GANSAKUKA TA AINIHI?

Gansakuka ta ainihi tsiro ce, kamar yadda gero da dawa suke tsirrai, amma ta bambanta da su ta hanyoyi huɗu:

(a) Ba ta yin fure, ba ta yin 'ya'ya. Tana yaɗuwa ne ta wani gari mai laushi kamar ƙura, wanda iska ke ɗauka.

(b) Ba ta da saiwa ta gaskiya. Wasu 'yan zaruruwa ne kawai suke manne ta da ƙasa, ko dutse, ko ɓawon itace.

(c) Ba ta da irin jijiyoyin nan masu ƙarfi da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. Da jikinta take shan ruwa, kamar soso. Shi ya sa ba ta yin tsawo.

(d) Ba ta yin barbara sai da ruwa. Ƙwayar namijin iyo take yi a cikin laimar da ke jikin tsiron kafin ta kai ga ta macen.

To, ka ga ke nan rayuwarta duk a kan laima ta rataya. Wannan shi ne abin da ya kamata manomi ya riƙe: inda duk ta yi shimfiɗa, saman ƙasar wurin ba ya bushewa.

2. YADDA MASANA SUKA KASA TA

Masana ilmin tsirrai sun ƙidaya wajen iri 20,000 a duniya, kuma sun raba su gida 3. Tun da Hausa ba ta ba kowane gida sunansa ba, a nan za mu kira su da siffarsu.

Gida na farko: gansakuka mai ganye. Masana suna kiran wannan gida Bryophyta, kuma shi ne mafi girma, yana da iri wajen 12,000. In ka tsuguna ka duba da kyau za ka ga ɗan kara siriri da ƙananan ganyaye kewaye da shi. Tsirran sukan cunkushe wuri ɗaya su yi laushi kamar darduma. In sun nuna, sai wani tsinke ya fito a sama da ɗan ƙoƙo a bakinsa, a ciki garin nan yake.

Gida na biyu: gansakuka mai hanta, wato Marchantiophyta, iri sama da 7,000. Wadda aka fi gani a gona ba ta da kara ko ganye. Wani koren falle ne da ke kwanciya a ƙasa yana rassa biyu-biyu. Mutanen Turai na da sun ga ta yi kama da hanta, sai suka ɗauka maganin ciwon hanta ce, sunan kuwa ya bi ta har yau. Ba maganin hanta ba ce, kada kowa ya sha. A dazuzzuka masu ruwa akwai wasu 'yan wannan gida masu ganye a jere biyu, su ne ma suka fi yawa.

Gida na uku: gansakuka mai ƙaho, wato Anthocerotophyta. Wannan ƙaramin gida ne, irinsa bai wuce 200 da 'yan kai ba. Ita ma falle ce a kwance, amma wasu korayen tsinkaye kamar ƙaho suke miƙewa daga jikinta. A cikin jikinta akwai wasu ƙananan halittu masu kamo sinadarin naitirojin daga iska, kusan irin aikin da ake yi a saiwar gyaɗa da wake.

3. MASU KAMA DA ITA AMMA BA ITA BA

(a) Koren nan mai yauƙi da santsi da ke taruwa a kududdufi, ko kwatar ban ruwa, ko kwamin shayar da dabbobi. Mu duk gansakuka muke ce masa, amma a wurin masana dangin dabam ne. Ba shi da kara ko ganye. In ka ɗebo shi sai ya narke a hannu kamar miyar kuɓewa.

(b) Ɓawon nan mai launin toka ko ruwan ɗorawa da ke manne wa reshen mangwaro, ko lemo, ko kan dutse. Wannan haɗin zama ne tsakanin wani irin funfuna da dangin koren ruwan nan. Ba ya cin itace.

(c) Kainuwa. Wannan tsiro ne mai fure da saiwa sosai, yawo kawai yake yi a kan ruwa.

(d) Kauci. A nan ne ya kamata a yi hattara. Kauci yana kafa bakinsa cikin reshe yana tsotse ruwan itace, har ya kashe reshen. Gansakuka kuwa zama kawai take yi a bayan ɓawo. Kada ka bar kauci a kan lemonka ka tsaya kankare gansakuka.

4. YADDA AKE RAƊA MATA SUNA

Kowane tsiro yana da suna biyu na Latin wanda duk duniya aka yarda da shi: na farko sunan zuriya, na biyu sunan yanka. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya kafa wannan tsari a littafinsa na 1753, kuma daga nan ake fara lissafin sunayen masu hanta. Na masu ganye kuwa, yawancinsu daga littafin Johann Hedwig ake farawa, wanda aka buga a 1801. Amfanin wannan shi ne, malamin gona a Zariya da takwaransa a Maraɗi ko Indiya su san abu ɗaya suke magana a kai.

Ga guda 6 da ya kamata a sani:

Riccia. Mai hanta ce, an sa mata sunan wani babban mutum na birnin Fulorans a Italiya. Takan yi 'yar da'ira wadda ba ta wuce murfin kwalba ba, a kan taɓon fadama bayan ruwa ya janye, ko a tsakanin kunyoyi da damina. Tana jure fari ƙwarai.

Marchantia polymorpha. Mai hanta ce, ta ci sunan Nicolas Marchant, masanin tsirrai na Faransa. Ita ce babbar mai damun masu renon dashe a ƙasashe masu sanyi da ɗakunan gilas. A bayanta akwai 'yan ƙoƙuna masu ɗauke da ƙananan 'ya'ya. Ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa ciki sai ya watsa su har kusan mita 1, kowane kuma ya zama sabon tsiro.

Funaria hygrometrica. Mai ganye ce, tana son wurin da aka ƙona, inda toka ta zauna. Tsinken kanta yakan murɗe in iska ta bushe.

Bryum argenteum. Mai ganye ce, launinta kamar azurfa. Ana samunta a duk nahiyoyin duniya, har da Antatika mai ƙanƙara.

Octoblepharum albidum. Fara-fara ce, takan yi tuli a jikin itacen kwakwar manja a kudancin Nijeriya da sauran ƙasashe masu zafi da ruwa.

Sphagnum. Ta fadamun ƙasashen sanyi ce, irin su Kanada, Rasha da Finlan. Tana iya riƙe ruwa har ninki 20 na nauyinta in tana bushe. A yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 da ita aka riƙa ɗaure raunukan sojoji saboda ƙarancin auduga. Ruɓaɓɓiyarta ce ake haƙowa a sayar wa masu lambu a buhuna don renon iri.

5. INDA AKE SAMUNTA

Ban da cikin ruwan teku, da wuya a sami wurin da babu ita a duniya, amma yawanta yana bin yawan laima.

A dajin kudu da kan manyan duwatsu, kamar tsaunin Mambila, da Obudu, da Dutsen Kamaru wanda tsawonsa ya haura mita 4,000, hazo da raɓa ba sa yankewa. A can takan lulluɓe itatuwa, har kan ganye take tsirowa. Wani masani Bature, Eustace Jones, ya zo Nijeriya da Kamaru tare da ayarin masu bincike daga Kambirij a 1947 zuwa 1948, ya shafe shekaru yana nazarin masu hanta na Afirka, kuma a 2004 aka buga littafinsa a kan na Afirka ta Yamma.

A tsaunin Jos, saboda sanyi da yawan ruwan sama, ana samunta a jikin duwatsu da bakin rafuka fiye da ƙasashen da ke kewaye.

Daga Zariya zuwa Kano, Katsina, Sakkwato, har Damagaram, irinta kaɗan ne, kuma lokacinta gajere. Takan bayyana in damina ta yi nisa, wajen watan Agusta. Da hunturu ya shigo wasu sai su bushe ƙayau kamar sun mutu, amma da sun sami ruwa sai su koma kore. Wasu kuma mutuwa suke yi su bar garinsu cikin ƙasa yana jiran wata damina.

Saboda haka, in ka ga ta yi shimfiɗa a lambunka a tsakiyar rani, a ƙasar da ba ta saba ganin haka ba, ba daga sama laimar ta zo ba. Daga hannunka ta fito.

6. ABIN DA TAKE NUNA WA MANOMI

A wurin renon iri. Nan ne kaɗai take yin ɓarna sosai. In ta rufe saman fangali ko bakin ledar dashe, takan hana ruwa shiga ƙasa daidai, ta ci takin da aka zuba, ta kuma danne ƙananan iri kamar na tumatir, albasa da barkono. Abin da ya fi wannan muni shi ne, laimar da ta kawo ta ita ce kuma ke kawo cutar nan da ke ruɓar da wuyan yabanya, ka wayi gari ka tarar sun kwanta. Manomin da ya rasa dashensa a farkon rani ya rasa makonni 4 zuwa 6, sau da yawa kuma ya rasa kasuwa.

A jikin itatuwa. Ba ta tsotson komai. Yawanta yana nuna rassa sun cunkushe, rana da iska ba sa shiga.

A saura da gefen kwari. Nan amfani take yi, don tana riƙe ƙasa kada ruwa ko iska su kwashe ta. A bar ta.

Wasu sukan ce ganinta alama ce ƙasa ta yi tsami. Ba kullum ba ne, akwai ma irin da suka fi son jikin siminti. Kada ka zuba farar ƙasa sai an gwada ƙasarka.

7. ABIN DA ZA A YI

1. Ka ɗaga fangalin renon iri ya kai tsayin santimita 15, musamman da damina ko a ƙasar laka.

2. Ka gauraya ƙasar da yashi da ruɓaɓɓen taki, don ruwa ya riƙa wucewa.

3. Ka huda gindin kowace ledar dashe, kada kuma ka jera su inda ruwa ke kwanciya.

4. Ka yi ban ruwa da safe. Kafin ka sake, sa yatsa ka ji. In saman ƙasa bai sha iska ba, dakata.

5. Da iri ya tsiro, ka riƙa rage rumfar da ka yi masa kaɗan-kaɗan.

6. Kada ka yawaita barbaɗa takin zamani a saman leda. Gansakuka ce za ta fara cinsa.

7. In ta riga ta fito, ka ɓamɓare ta da hannu ko bakin wuƙa lokacin da ƙasa ta ɗan bushe, ka kai ta nesa ka binne. Kada ka bar gutsattsarinta, don kowane yana iya tsirowa.

8. Bayan haka ka rufe bakin ledar da yashi mai tsakuwa ko ƙaiƙayin shinkafar da aka turara, kaurin santimita 1 zuwa 2.

9. Ka wanke tsofaffin tukwane da ledoji ka shanya su a rana kafin ka sake amfani da su.

10. A gonar lemo ko mangwaro, ka sassabe rassan da suka cunkushe, ka sare duk reshen da kauci ya kama daga ƙasan inda ya kafa.

Masu son reshen lemo ko gwaiba ya yi saiwa tun yana jikin uwarsa sukan ji an ce a naɗe wurin da aka feƙe da jiƙaƙƙen Sphagnum. In ba a same shi ba, jiƙaƙƙen garin katako wanda ya kwana biyu, ko gashin kwakwa, za su yi aikin.

ABUBUWAN TUNAWA

Gansakuka ta ainihi gida 3 ce: mai ganye, mai hanta da mai ƙaho.

Ba ta tsotson shuka. Kauci ne ke tsotso.

Maganin feshi ba zai raba ka da ita ba muddin ƙasa na jiƙe, za ta dawo. Gyara ban ruwa, magudana da inuwa.

In ka ga irin da ba ka gane ba, ɗebo kaɗan tare da ƙasar da take kai, ka sa a takarda, ba a leda ba don kada ta ruɓe. Ka rubuta wurin da ka samo ta da ranar, sa'an nan ka kai wa malamin gona na yankinku.